Kuɗin da ba a riƙewa a hannu

Kakannin kakanninmu da wuri suke ciniki. Wanda ya sayar da doki, sai ya nemi jakin da zai ɗauko masa kuɗinsa. Da Nasara suka zo, suka kawo kuɗin ƙarfe da na takarda. A shekarar 1945 aka fito da kuɗin sefa. Yau babban bankin BCEAO, mai mazauni a Dakar, shi ke fitar da su don ƙasashe 8, har da Nijar.

Takarda ta fi wuri sauƙin ɗauka, amma tana yagewa, gara tana cin ta, ɓarawo yana bin ta. Dalili ke nan aka soma saka kuɗi cikin salula. Ƙasar Kenya ta yi suna a wannan fanni tun 2007, da tsarin M-Pesa. A Nijar kuwa, bayan farin 2009, an raba wa wasu ƙauyukan jihar Tawa taimako ta salula a 2010, da wani tsari mai suna Zap.

To, ƙaƙa kuɗi suke shiga salula? Ku lura da kyau, yara: ba su shiga. A ce wani ɗan ci-rani a Yamai zai aika wa uwarsa jikka goma. Sai ya je wurin wakilin kamfani, ya ba shi takardun. Wakili ya ajiye su, kwamfutar kamfani ta rubuta 10.000 a gaban lambar ɗan ci-ranin. Da ya danna lambar uwarsa, ya sa lambar sirri, sai kwamfuta ta share a nan, ta rubuta a can. Takardun suna nan Yamai, ba su motsa ba. Lissafi ne ya yi tafiya. Tsohuwa za ta iya karɓar takardu wurin wakilin garinsu, ko ta biya mai hatsi daga salularta. Doka ta tilasta wa kamfani ya ajiye a banki daidai abin da ya rubuta, don kada ya rubuta kuɗin da babu.

Aikin ba kyauta ba ne, ana cire lada. Kuma sai da rezo, sai da caji, sai da wanda ya iya karanta lambobi. Wanda bai iya ba, dole ya miƙa salularsa ga wani, wata sa'a har da lambar sirrin. A nan ake cutar mutane.

Ƴan kasuwar Maraɗi masu zuwa Jibiya sun ga wani abu a farkon 2023. Najeriya ta canza takardun naira 200, 500 da 1.000, sababbin kuma suka yi ƙaranci. Mai asusu a waya ya ci gaba da ciniki. Mai tallan goro da mai sayar da akuya ɗaya suka wuni da kayansu, masu saye na tsaye, babu takardar da za a miƙa.