Zango A Dajin Beyar: Ƙamshin Abinci Ke Kiran Ajali

Mu da muke bin hanya daga wannan kasuwa zuwa waccan, mun san kwanan daji. Mun ji kuma daga bakin iyayenmu yadda fatake ke hura wuta a zango saboda kura. To, a ƙasar Amurka akwai masu barin gidajensu da gangan, su goya tanti da guzuri su shiga ƙungurmin daji don shan iska. Su abin tsoronsu wata dabba ce da babu irinta a ƙasashenmu, ana ce mata beyar.

Beyar ƙatuwa ce mai gashi da manyan farata. Nau'in da ake kira girizili, babban namiji kan kai kilo 300, amma duk da wannan nauyi yana gudun fiye da kilomita 50 a awa guda. Hancinta ya fi na kare jin ƙamshi, kuma a nan matsalar take.

A daren 12 ga watan Agusta na shekarar 1967, wayewar 13, beyar biyu suka kashe ƴan mata biyu masu shekaru 19 a gandun dajin Gilashiya da ke jihar Montana. Kowace a zangonta daban take kwance. Tun kafa gandun a 1910 ba a taɓa samun beyar ta kashe mutum a cikinsa ba. Da aka bi diddigi, sai aka ga dabbobin sun saba da abincin mutane. Kusa da zango ɗaya, ma'aikatan wani masauki kan zuba sauran abinci domin baƙi su yi kallon beyar. A ɗayan kuma masu yawo kan bar shara. Bayan haka sai da jami'ai suka harbe beyar da dama a yankin. Sakaci da abinci ya ci ran mutum, ya ci na dabba.

Daga nan ne aka tsaurara doka. Gandun Yelosuton, wanda aka kafa a 1872, ya rufe jujinsa a 1970. A yau duk mai son kwana a cikin dajinsa sai ya karɓi takardar izini. Zai rataye abinci da tukunya da sabulu da duk wani abu mai ƙamshi a tsawon mita 3 daga ƙasa, fiye da mita 1 daga jikin itace, ko ya kulle su a akwati na musamman da beyar ba ta iya buɗewa. Tsakanin makwancinsa da wurin girki ana son tazarar kamar mita 90. Ko tufar da ya yi girki da ita ba a son ya kwana da ita.

Da rana kuwa, ana so a yi tafiya mutum uku ko fiye, ana magana da ƙarfi domin dabbar ta ji ta kauce. Mafi haɗari shi ne a yi kiciɓis da uwa mai ƴaƴa. Idan an haɗu da ita, ba a gudu, ana ja da baya ne sannu a hankali. In ta taso, makamin da hukumomi suka fi yarda da shi gwangwani ne na feshi, wanda ake yi da sinadarin yajin barkono, irin wanda muke aunawa a tiya. Idan girizili ta riga ta cim ma mutum, sai ya kwanta rub da ciki, ya kare ƙeyarsa da hannuwa, ya yi lamo har ta tafi. Amma in cikin tanti ta same shi da dare, to nama take nema. Sai ya yi faɗa da duk abin da hannunsa ya kai gare shi.

Kusan shekara 60 ke nan da wancan dare, har yanzu wa'azin jami'an gandun ɗaya ne: sharar da ka bari yau, wanda zai sauka bayanka ita za ta jawo wa masifa. Kafin ka tashi daga zango, ka kwashe abinka duka.