Ledar karbon a cikin mota: ado ne ko rufa-rufa?

Tun bayan karyar darajar kuɗin sefa a watan Janairu na 1994, sabuwar mota ta ƙara yi wa ma'aikaci da ƙaramin ɗan kasuwa nisa. Mafi yawan motocin da ke yawo a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa sun gama wata rayuwa a Turai ko Amurka kafin jirgin ruwa ya sauke su a tashar Kwatano ko ta Lome. Abin da sanyin can ya rage, rana da ƙurar nan sukan ida shi: tablo ya koɗe, robar ƙofofi ta kakkarce, katakon ado na kusa da giya ya tsattsage. Shi ya sa masu motoci suka karkata ga wata baƙar leda mai zanen saƙa da ake mannawa bisa waɗannan sassa, wadda ake kira karbon.

Sai dai sunan na aro ne. Karbon na gaskiya zare ne da ya fi gashin kai siranta, ana samun sa ta hanyar gasa wani zaren roba a zafin da ya zarce digiri 1000 inda babu iska. Roger Bacon ya fitar da irin wannan zare mai ƙarfi a Amurka a 1958, kuma a 1981 kamfanin McLaren na Ingila ya fito da motar tseren Formula 1 ta farko da aka gina gangar jikinta da shi. Ana saƙa zaren kamar tabarma, a jiƙa shi da ƙaro, ya daskare ya zama abu mai ƙarfi kuma maras nauyi. Ita kuwa ledar da ake mannawa robar PVC ce mai gam a baya, wadda aka danna wa siffar saƙar. Ba ta rage nauyin mota, ba ta ƙara mata ƙarfi. Kwalliya ce kawai, kuma duk wanda ya sayar da ita a matsayin wani abu dabam ya ci amanar mai saye.

Ledar iri biyu ce. Akwai wadda ake zubawa tana ruwa-ruwa a bar ta ta bushe; wannan ba ta da kauri, tana bin lanƙwasa, kuma ba ta cika tsukewa ba. Akwai kuma wadda ake murjewa tsakanin ƙarafa kamar yadda ake murza fulawa. Ita ce mai sauƙin kuɗi, amma da ta sha zafi sai ta nemi komawa yadda take tun farko, bakinta ya janye, gam ya fito ya kama ƙura. Kamfanoni irin su 3M da Avery Dennison na Amurka, da Hexis na Faransa, sukan buga sunansu a takardar bayan leda, kuma faɗin nadinsu yawanci mita 1,52 ne. Wadda ba ta da suna ko kaɗan, sai a tuna cewa araha ba ta ado.

A ƙasa irin Nijar, zafi shi ne alƙalin wannan aiki. Wani bincike da jami'ar jihar Arizona ta Amurka ta fitar a 2018 ya nuna cewa tablon motar da ta yi awa ɗaya cikin rana yakan kai kusan digiri 70. A watannin Afirilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai da Tawa ke wuce digiri 40 a inuwa, motar ma'aikacin da ke wuni a ƙofar ofis ba ta da maraba da tanda. Ledar da za ta jure wannan sai mai kyau, kuma sai an manna ta bisa ƙa'ida.

Ƙa'idar farko ita ce a ciro sashen daga motar, da abin ɓamɓara na roba, a hankali, domin maƙalan da suka sha rana ba su da wuyar karyewa. In akwai wayoyin wuta a jikinsa, a fara cire batir. Daga nan sai wanki da ruwan sabulu, sannan a goge da alkol, saboda man ƙyalli da masu wankin mota ke shafawa yana hana gam kamawa. A yanka leda da rarar santimita biyu ko uku, a ɗora daga tsakiya ana kore iska zuwa gefe, ana ɗumama ta kaɗan-kaɗan da abin busar da gashi. Jan da ya wuce kima yana karkata zanen saƙa. Rarar kuwa a naɗe ta ta baya. A ƙarshe a sake gasa gefuna da lunguna har wajen digiri 90, domin wannan ne ke sa leda ta zauna a sabuwar siffarta. Gwanin aiki yakan sa layukan saƙa su fuskanci gefe guda a kowane sashe, kuma yakan yi aikinsa a ɗaki rufe, musamman lokacin hunturu, tunda ƙwayar ƙura ɗaya takan zama ƙurji a ƙarƙashin leda. Robar da ke da kaushi ko taushi kuwa ba ta riƙe gam sosai. Gara a bar ta.

Akwai wuraren da bai kamata leda ta taɓa ba ko kusa. Jakar iskar da ke tare mutum lokacin haɗari tana ɓoye a tsakiyar sitiyari da kuma cikin tablo gaban wanda ke zaune kusa da direba. Tana tsaga murfinta ta wani layi da aka raunana da gangan, cikin ƙasa da ƙiftawar ido. Leda bisa wannan layi na iya karkata fitarta. Haka kuma leda mai sheƙi a saman tablo tana mayar da hasken rana bisa gilashin gaba, ta ɗauke wa direba ido a doguwar hanya kamar ta Ƙonni zuwa Maraɗi. Kada garin neman gira a rasa ido.

Saura batun ciniki. Leda tana rufe tsaga, tana rufe tabon ƙuna, tana iya rufe tablon da jakar iskarsa ta riga ta fashe aka liƙe. Mai sayen mota ya shafa hannu bisa ledar ya ji ko akwai tudu ko rami, ya kunna makulli ya duba ko fitilar jakar iska ta kama na ƴan daƙiƙu sannan ta mutu kamar yadda ya dace, kuma ya tambayi dalilin rufin. Dillalin da ya faɗi abin da ke ƙasa tun kafin a tambaye shi zai iya rasa ƴan jikkuna a cinikin ranar, amma shi ne wanda mai saye zai turo wa ɗan'uwansa gobe.