Ruwan Gishiri a Farashin Nama: Yadda Ake Gasa Naman Alade a Amurka

A watan Agustan kowace shekara, idan aka buɗe bikin baje kolin amfanin gona na Jihar Iowa a birnin Des Moines na ƙasar Amurka, akwai wata rumfa da 'yan siyasa masu neman shugabancin ƙasar ba su cika tsallakewa ba. Rumfar ƙungiyar masu kiwon aladu ce, inda ɗan takara kan tsaya gaban wuta yana juya nama, masu ɗaukar hoto kuwa suna ta aikinsu. Dalilin a fili yake, domin kusan kashi ɗaya cikin uku na aladun Amurka a wannan jiha ake kiwonsu.

Akasarin masu karanta wannan rahoto ba sa cin naman alade, saboda addini ya haramta musu. Duk da haka, dabarar da ake bi kafin wannan nama ya hau wuta ta shafi aljihun duk mai sayen nama a kan sikeli, ko da kuwa na kaza ne.

Yankan da ake magana a kansa tsokar gadon baya ce, wadda ake yankawa fale-fale, sau da yawa haɗe da ƙashin haƙarƙari. A da, kitsen da ke ratsa tsokar shi ke kare ta daga bushewa. Amma da masu saye suka fara gudun kitse saboda tsoron ciwon zuciya, suka karkata ga kaza, sai makiyaya suka koma kiwon aladu marasa kitse, har a shekarar 1987 hukumar tallata naman alade ta ƙasar ta ƙaddamar da wani gagarumin talla da ke jera naman alade sahu ɗaya da na kaza. Tallan ya karɓu, amma ya bar baya da ƙura: nama marar kitse, da zarar ya ɗan daɗe a wuta, sai ya bushe ya yi tauri kamar ƙirgi.

Maganin da masu girki suka kama shi ne jiƙa naman a ruwan gishiri. Ana narka kimanin giram 60 na gishiri a litar ruwa guda, wasu su ƙara sukari da tafarnuwa da masoro, sannan a nutsa naman a ajiye a firiji na awa ɗaya zuwa huɗu, gwargwadon kaurinsa. Gishirin kan ratsa tsokar ya sassauta zarurrukanta, ta yadda za ta sha ruwa ta kuma riƙe shi. Nauyin naman kan ƙaru da kimanin kashi 10 cikin 100. Da yake wuta kan janye kusan kashi 20 cikin 100 na nauyin nama, wanda aka jiƙa ya shiga gashi da guzurinsa ke nan. Idan aka wuce lokaci kuwa, gishiri zai yi yawa, tsokar ta saki, aikin ya ɓaci.

Cusa haɗi a cikin naman kuwa sai yanka mai kauri, wajen inci ɗaya da rabi. Ana soka wuƙa ta gefe a buɗe masa aljihu, a zuba marmashin burodi da soyayyar albasa da tuffa, ko cuku da alayyafo, a rufe bakin da tsinken sakace. Masu gidajen abinci sun san ribar wannan, domin burodi da albasa ba su kai nama tsada ba, amma suna cika faranti.

Wajen gashi, ana tara garwashi a gefe ɗaya. A fara ɗora naman, bayan an tsane shi sosai, a kan wuta mai ƙarfi na 'yan mintoci kowane ɓangare har ya yi ja, sannan a matsar da shi gefen da babu garwashi a rufe, ya ƙarasa nuna a hankali. A shekarar 2011 Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta sassauta ƙa'idar nunar irin wannan yanka, daga digiri 71 a ma'aunin Salshiyas zuwa digiri 63, da sharaɗin a bar shi ya huta na minti uku. Haɗin da aka cusa kuwa sai ya kai digiri 74, tunda ya taɓa ɗanyen nama. Wannan sassauci ya dogara ne da kiwon da ake yi a killace. A Nijeriya, inda ake da manyan wuraren ciniki irin su kasuwar aladu ta Katsit kusa da Kafanchan da gonar Oke-Aro a kan iyakar Legas da Ogun, har yanzu aladu da yawa na ƙauyuka a sake suke yawo suna kalar abinci, kuma tsila na iya ɓuya a tsokarsu. Saboda haka ɗauko ma'aunin Amurka a ɗora a nan ganganci ne.

Inda batun ya zama na kasuwanci sosai shi ne lokacin da manyan kamfanonin sarrafa nama suka karɓe dabarar daga hannun masu girki. Su ba jiƙawa suke yi ba. Injuna ne masu jerin allurai ke ɗura ruwa da gishiri da sinadarin fosfet cikin tsokar kafin a ƙunshe ta. Dokar Amurka ta wajabta a rubuta adadin ruwan a jikin ƙunshin, kuma ba abin mamaki ba ne a ga an rubuta kashi 12 cikin 100. Lissafin ba shi da wuya: a kowane kilo, sama da giram 100 ruwan gishiri ne da aka biya a farashin nama. Kamfanonin na kafa hujja da cewa naman ya fi taushi, kuma gaskiya ne. Sai dai abin da uwargida za ta yi da cokali uku na gishiri a ɗakin girkinta, shi ake sayar mata da tsada, ga kuma ƙarin gishiri ga mai hawan jini wanda bai san yana ci ba.

Wannan ɗure bai tsaya kan alade ba. A Afirka ta Kudu, ƙorafi kan ruwan da ake ɗura wa daskararrun kaji ya kai ga gwamnati ta sa iyaka a shekarar 2016: kashi 15 cikin 100 ga yankakkun sassa, kashi 10 ga kaza sukutum. Mai sayen daskararriyar kaza a shagunan sanyi na Legas ko Fatakwal ko Abuja zai iya yin nasa gwajin a gida. Ya auna ta da ƙanƙararta, ya bar ta ta narke ta tsane a cikin kwando, ya sāke aunawa, sannan ya raba kuɗin da ya biya da nauyin da ya saura.