Matsayin Faɗakarwa a Yaƙi da Shan Inna

Sa'ad da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙudura azamar kawar da cutar shan inna a 1988, lokacin da ake ƙiyasta tana nakasa yara kimanin 350,000 kowace shekara, ba a jima ba masana suka fahimci cewa ɗigon rigakafi, duk da araharsa, ba ya isa bakin yaro sai zuciyar mahaifinsa ta sami natsuwa.

Hujjar haka ta bayyana a 2003, yayin da shubuha ta sa aka dakatar da rigakafi a Kano kusan shekara guda, cutar kuwa ta tsallaka zuwa ƙasashe da dama. Daga nan aka koma ga malamai da sarakuna, har Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya jagoranci kwamitin sarakunan Arewa. Limamai suka yi bayani a huɗuba, mata masu faɗakarwa suka bi gida-gida, suna amsa tambaya cikin ladabi.

A ranar 25 ga Agusta, 2020, aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar, saura Afganistan da Pakistan. Duk da haka, wajibi ne iyaye su ci gaba da miƙa 'ya'yansu a yi musu rigakafi, domin kiyaye lafiya amana ce.