Shin Ko Kun San? Asiran da Hoton Ido Ke Tonawa

Ku ɗauko hotunan wani biki da aka yi da daddare a Dukawuya, ku duba idanun yara. Kun ga jan nan da ke tsakiyar ido? Kada ku ga laifin mai hoto. Jini ne! Hasken kyamara ya kutsa ta ƙwayar ido, ya daki bangon baya mai cike da jijiyoyin jini, ya dawo. Ashe hoton cikin idon yaro kuka ɗauka ba ku sani ba.

To, iyaye mata, wannan naku ne. Idan ido ɗaya ya fito ja, ɗayan kuma ya fito fari yana ƙyalli kamar na kyanwa da dare, a garzaya da yaron wurin likitan ido. Yana iya zama yanar ido. Yana iya zama kansar ido, wadda ta fi kama yara 'yan ƙasa da shekara 5. Iyaye da dama a duniya hoto ne ya fara ankarar da su, kuma idan an tare ta da wuri ana warkewa. Don Allah ku faɗa wa maƙwabta.

Shin kun san a can bayan ido likita yana kallon jijiyoyin jini ƙuru-ƙuru, babu tsaga, babu wuƙa? Ciwon suga da hawan jini duk suna barin sawunsu a wurin, tun mutum bai ji ganinsa ya ragu ba.

Ku ji girman wurin. Ido gaba ɗayansa milimita 24 ne, ko kusa da haka. Amma siririn labulen da ke bayansa yana ɗauke da ƙwayoyin karɓar haske sama da miliyan 120! Jijiyar da ke kai saƙo ƙwaƙwalwa kuwa zarenta ya haura miliyan 1. Ikon Allah!

Hoton farko na cikin idon mutum mai rai? A 1886 ne Jackman da Webster suka fitar da shi. Minti biyu da rabi ana ɗauka! Ku gwada kafe ido wuri guda na tsawon haka ku gani. Sai a 1926 kamfanin Zeiss na Jamus ya fara sayar da kyamarar wannan aiki. Bayan shekara 17, a 1943, aka buɗe asibitin ido na mishan a Kano, wanda yau ake kira na ECWA.

Akwai wanda ya fi wannan ban mamaki. A shekarun 1870, Bajamushe Wilhelm Kühne ya sa zomo ya kalli taga, daga baya ya tarar da hoton tagar da ƙarafanta a kan labulen idon zomon. Nan fa aka dinga zaton za a ga fuskar mai kisa a idon gawa. Abin bai yiwu ba.

Hassan da Hussaini fa? Ko da kamarsu ɗaya sak, zanen baƙin idonsu ya bambanta. Kai, idonka na dama ma bai yi daidai da na hagu ba! A 1984 Steve McCurry ya ɗauki hoton wata yarinya 'yar Afghanistan mai korayen idanu a sansanin 'yan gudun hijira a Pakistan. Ba a sake gano ta ba sai 2002. Fuska ta canja, ido bai canja ba. John Daugman na Jami'ar Kambirij ya gwada zanen idon, ya tabbatar matar da aka gano, Sharbat Gula, ita ce yarinyar da ke hoton.

Kuma idon da muke ce wa baƙi, ku haska shi da kyau: ruwan ƙasa ne mai duhu. Shuɗin idon Bature kuwa babu ɗigon shuɗin launi a cikinsa, wasan haske ne kawai. Suren Manvelyan na Armeniya ya shahara da ɗaukar ido kusa-kusa. A hotunansa za ku ga tuddai, kwazazzabai da ramuka kewaye da ƙwayar ido, har mutum ya kasa yarda nasa ma haka yake.

A 2018 masu bincike na Google suka koyar da kwamfuta da hotunan cikin idon mutum sama da 280,000. Daga hoton kaɗai take ƙiyasta shekarun mutum, ta faɗi namiji ne ko mace, har ta gane ko yana shan taba!