Bitamin da Mura a Ƙasar da Rana Ba Ta da Ƙarfi

Manchester da Birmingham manyan birane ne na masana'antu a ƙasar Ingila. Tsofaffin manoman auduga na Zariya da Funtuwa sun ci kuɗin Manchester ko da ba su taɓa ganinta ba, gama a can ne aka kafa kamfanin nan na Bisije cikin 1902, wanda ya riƙa sayen audugarsu yana kai wa masaƙun Ingila. Yau kuwa biranen nan biyu cike su ke da mutanen da asalinsu na Afirka ne ko na Asiya. A Birmingham ma ƙidayar 2021 ta nuna fiye da rabin mutanen garin ba fararen fata ba ne. Kowace shekara in sanyi ya shigo, mura da tari da ciwon huhu su kan kama jama'a da yawa, sai ka ga kantunan magani sun cika da kwalaben bitamin, an rubuta a jikinsu wai suna taimakon garkuwar jiki. To, shin ƙwayar bitamin ta kan tsare mutum daga waɗannan cututtuka? Amsar tana cikin labarin biranen nan biyu.

Da fari bari mu san ma'anar kalmomin. Bitamin wani sinadari ne da jiki ke bukata kaɗan ƙwarai, amma in ya rasa shi sai ya yi ciwo. Kamar gishiri ya ke a miya: ɗan kaɗan ya isa, in babu miya ta yi lami, in kuma ya yi yawa ta ɓaci. Garkuwar jiki kuwa ita ce rundunar da ke cikin jini da tsoka, wadda ke yaƙi da ƙwayoyin cuta. Mura da ire-irenta, wata ƙwayar cuta ce mai suna bairos ke kawo su. Ta kan shiga ta hanci ko ta baki sa'ad da mai ciwo ya yi tari ko atishawa kusa da mutum.

Bitamin biyu ne aka fi ambata a kan wannan batu, watau C da D. Shi bitamin C ana samunsa a lemo da gwaiba da tumatir da ɗanyen ganye. Rashinsa ne ya riƙa kashe matuƙan jiragen ruwa a zamanin da, dasashinsu ya kumbura yana zub da jini, haƙora su zube. A Jami'ar Birmingham ne wani shehun malami, Norman Haworth, da abokin aikinsa Edmund Hirst, suka gane ƙirarsa, suka kuma harhaɗa shi da hannunsu cikin 1933. A wannan shekara wani masani a Suwizalan shi ma ya harhaɗa shi. Haworth ya sami lambar Nobel cikin 1937. Daga baya bitamin C ya zama abu mai araha. Cikin 1970 wani mashahurin masani na Amurka, Linus Pauling, ya rubuta littafi ya ce shan bitamin C da yawa zai hana mura, mutane kuwa suka gaskata shi saboda girman sunansa. Amma da aka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan mutum fiye da 11,000, cikin 2013, sai aka ga masu shansa kullum suna kamuwa da mura kamar kowa. Abin da ya ke yi kurum shi ne rage kwanakinta kaɗan, wajen kashi 8 cikin 100 ga manya. Watau murar kwana 10 ba ta ragu da ko kwana ɗaya cikakke ba.

Labarin bitamin D ya fi wannan tsawo, domin shi ba daga abinci a ke samun yawancinsa ba. Fatar mutum ce ke yinsa in hasken rana ya buge ta. Babban aikinsa shi ne ya taimaki hanji ya tsotsi sinadarin kalsiyam, wanda da shi a ke gina ƙashi. Yaron da ya rasa shi, ƙashinsa ya kan yi laushi, ƙafafunsa su lanƙwashe, ya zama gwame ko su yi baka. A ƙarni na 19 wannan ciwo ya yi yawa ƙwarai a biranen masana'antu irin su Manchester, inda hayaƙin gawayi ya rufe sama, 'ya'yan talakawa kuma suna zaune a lunguna masu duhu. Likitocin babban asibitin Manchester sun fara ba masu ciwon gaɓoɓi man hantar kifi tun ƙarshen ƙarni na 18, ba su kuwa san abin da ke cikinsa ba. Sai cikin 1919 wani likita, Edward Mellanby, ya nuna man nan yana warkad da laushin ƙashi a jikin karnuka, cikin 1922 kuma aka tabbatar a Amurka wani bitamin ne na dabam, wanda aka sa wa suna D.

Hayaƙin ya wuce, amma rana tana nan yadda ta ke. Kano tana wajen digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, Manchester kuwa ta wuce digiri 53. Daga watan Oktoba zuwa Maris rana ba ta hawa sama sosai a can, saboda haka ko mutum ya wuni a waje fatarsa ba ta yin bitamin D na kirki. Har wa yau, baƙar fata ta kan tare wani kashi na hasken. A ƙasarmu wannan kariya ce daga ƙunar rana, amma a Ingila ta kan jawo rashi. Waɗansu malamai biyu na Jami'ar Manchester, Ann Webb da Lesley Rhodes, da abokan aikinsu, sun yi lissafi cikin 2018: farin mutum yana bukatar wajen minti 9 na ranar tsaka kullum daga Maris zuwa Satumba don ya tara abin da zai kai shi ƙarshen sanyi, mai fata irin ta mutanen Indiya da Pakistan kuwa wajen minti 25.

Da laushin ƙashi ya sake ɓullowa a unguwannin tsakiyar Birmingham, sai hukumar lafiya ta wurin ta soma ba mata masu ciki da masu goyo da ƙananan yara bitamin D kyauta cikin 2005. Kafin 2010 yawan yaran da ke zuwa asibiti da alamun rashinsa ya sauko daga 120 zuwa 49 cikin kowane 100,000. A nan babu gardama, inda a ke da rashi, ƙwayar ta yi aikinta.

To, me ya haɗa bitamin D da mura? Masana sun gano waɗansu fararen ƙwayoyin jini suna amfani da shi wajen yin wani sinadari mai kashe ƙwayoyin cuta. Mura kuma ta fi yawa lokacin sanyi, daidai sa'ad da bitamin D ya ke ƙaranci a jinin mutane. Cikin 2017 Adrian Martineau na Jami'ar Queen Mary ta Landan da abokan aikinsa suka haɗa gwaje-gwaje 25 da aka yi a kan mutum wajen 11,000. Suka ga bitamin D ya ɗan rage kamuwa da cututtukan numfashi, galibi kuwa ga waɗanda rashinsu ya yi tsanani tun da fari.

Sa'an nan annobar korona ta zo cikin 2020, aka kuma lura ta fi kashe baƙaƙen fata da mutanen Asiya a Ingila. Mutane da yawa suka ce ai rashin bitamin D ne. Cikin watan Mayu na shekarar, masu bincike na Jami'ar Birmingham suka auna jinin ma'aikatan asibiti 392. Cikin masu rashin bitamin D, kashi 72 cikin 100 sun nuna alamar sun kamu da korona, cikin sauran kuwa kashi 51 ne. Wannan abin dubawa ne, amma bai isa hujja ba. Shamuwa ta kan zo gab da damina, ba kuwa ita ke kawo ruwa ba. Mutanen da suka fi rashin bitamin D a biranen nan, da yawansu su ne ke tuƙa bas da tasi, su ne ke jinyar marasa lafiya, suna kuma zaune da iyali masu yawa a gida ɗaya. Ko wanne daga cikin waɗannan ya isa ya kusanta mutum da cutar.

Hanyar raba gardama ita ce a raba mutane kashi biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba waɗansu a hana waɗansu, sa'an nan a jira a gani. Haka Martineau ya yi da mutum 6,200 a Birtaniya. Aka auna jinin rabinsu, aka ba masu ƙaranci bitamin D har wata 6. A ƙasar Norway kuma aka yi da mutum fiye da 34,000, rabi suna shan man hantar kifi, rabi man masara, ba wanda ya san wanne ya ke sha. An buga sakamakon duka biyu cikin 2022, magana kuwa ɗaya ce: masu shan bitamin sun kamu da korona da sauran cututtukan numfashi daidai da waɗanda ba su sha ba. Gani ya kori ji.

Duk da haka hukumomin lafiya na Birtaniya ba su ce a daina sha ba, sai dai dalilin shan shi ne lafiyar ƙashi da tsoka. Tun 2016 shawararsu ita ce kowa ya sha maikirogiram 10 kullum a lokacin sanyi, mai baƙar fata kuwa, da mai rufe jiki duka, da wanda ba ya fita waje, su sha duk shekara. Maikirogiram ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na giram. Sun kuma yi kashedi kada babba ya wuce 100 a rana, gama bitamin D ba ya fita da fitsari da sauri kamar C. Ya kan taru a jiki, kalsiyam ya yi yawa a jini, ƙoda ta ji ciwo. An ga irin wannan ga jarirai a Ingila cikin shekarun 1950, har aka rage yawan wanda a ke zubawa a madarar yara.

Ko laushin ƙashi ma ba ko'ina ne dalilinsa ɗaya ba. A Jos, inda rana ta wadata, wani bincike na 1999 ya nuna yaran da ke da ciwon sun fi warkewa da kalsiyam bisa ga bitamin D shi kaɗai. Likita na ƙwarai ya kan duba abin da jiki ya rasa tukuna ya ba da magani.

Saboda haka Bahaushen da ya tashi daga Kano ya zauna a Manchester ko Birmingham, ya kamata ya sha bitamin D, ya kuma ba 'ya'yansa, gama ranar da ya saba samu kyauta ya baro ta a gida. Amma kada ya ɗauki kwalbar nan kamar laya. Abin da aka gwada aka tabbatar yana rage mutuwa daga korona shi ne allurar rigakafi, wadda aka fara yi wa jama'a a Coventry, kusa da Birmingham, ran 8 ga Disamba, 1920 da shekara ɗari, watau 2020. Akwai kuma ta mura mai tsanani, wadda a ke yi kowace shekara kafin sanyi. Sauran kuwa abubuwa ne da kowa ya sani: wanke hannu, buɗe taga iska ta ratsa ɗaki, da zama a gida in mutum ba shi da lafiya don kada ya shafa wa wani. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, amma fa sai in rigakafin ya dace da ciwon.