Daga madatsar Maga zuwa ramin Janeba: ƙwayar da ke iya leƙa cikin ƙasa

Madatsar ruwan Maga, wadda ta taso daga Pus ta dangana da Girbidik, tsawonta kilomita 27 ne. An gina ta a 1979 don ta tare ruwan kogin Logon da na Mayo Tsanaga, kamfanin SEMRY ya samu na shayar da gonakin shinkafa. A can Turai kuma, kan iyakar Faransa da Suwizalan kusa da birnin Janeba, cibiyar bincike ta CERN tana da wani rami mai siffar zobe, zurfinsa kimanin mita 100 a ƙarƙashin ƙasa. Shi ma kewayensa kilomita 27 ne.

Wuraren biyu sun shiga labarai a shekara guda. Ran 4 ga Yulin 2012 masanan CERN suka sanar da cewa sun gano ƙwayar da ake kira Higgs. Bayan 'yan makonni ruwa ya ci ƙauyukan Mayo-Danay, mutane suna kwana da fargabar kada madatsa ta ɓalle, har shugaban ƙasa Paul Biya ya zo Girbidik a watan Satumba. Mai karatu zai ce to me ya haɗa kifi da kaska? Akwai abin da ya haɗa su, kuma ya wuce dacen lissafi.

Bari mu fara da abin da ake yi a ramin. Kowane abu, daga ƙwayar shinkafa har ruwan tafki, an gina shi da zarra, a tsakiyar kowace zarra kuma akwai ƙananan ƙwayoyi da ake kira furoton. Na'urar LHC da ke cikin ramin tana ɗibar furoton ta kora su, wasu ta dama wasu ta hagu, har gudunsu ya kusa kai na haske, suna zagaya zoben sama da sau 11,000 a daƙiƙa ɗaya. Manyan maganaɗisu 1,232 ne ke lanƙwasa musu hanya, an sanyaya su zuwa digiri 271 ƙasa da sifili. Sai a sa su yi karo. Ƙarfin karon yana rikiɗa ya zama sababbin ƙwayoyi da ba sa daɗewa, masana su bi sawunsu kamar yadda mafarauci ke karanta sawu a laka.

Ba lalube suke yi a duhu ba. Akwai masana da aikinsu alƙalami da takarda ne kawai, su ke lissafa abin da ya kamata a gani. Peter Higgs da François Englert sun yi nasu lissafin tun 1964, suka jira shekara 48 kafin na'ura ta gaskata su, aka ba su kyautar Nobel a 2013. Abdus Salam ɗan Pakistan ya samu tasa a 1979 tare da wasu Amurkawa biyu, ƙwayoyin da lissafinsu ya nuna kuwa sai a 1983 aka gan su a CERN.

Ɗaya daga cikin hanyoyin da aka gane Higgs ita ce idan ta tarwatse takan bar wasu ƙwayoyi huɗu da ake kira miyon. To wannan miyon ɗin ba sai ka je Janeba ba. Yanzu haka da kake karanta wannan, kusan guda ɗaya tana ratsa tafin hannunka kowace daƙiƙa. Kimanin 10,000 ke sauka a kan kowace murabba'in mita cikin minti guda, a kan gonar shinkafa, a kan kwalekwalen masunci, a kan rufin kwano, dare da rana.

Daga ina? Furoton masu tsananin gudu suna zuwa daga sararin samaniya su bugi iska a tsayin kimanin kilomita 15, irin karon da ake sayen na'ura mai tsada don a yi shi a CERN. Daga ɓaraguzan karon ne miyon ke fitowa. An gano ta a 1936. 'Yar'uwar ilektaron ce, wato ƙwayar da ke gudu a wayar lantarki, sai dai ta ninka ta nauyi sau 207. Ga wani abin da ke sa 'yan ajin tarminal su ajiye biro su ɗago kai: rayuwar miyon ba ta wuce kashi biyu da ɗan ɗoriya cikin miliyan na daƙiƙa ba. Ko da gudun haske take yi, mita 660 ya kamata ta ci ta mutu. Amma tana isowa ƙasa. Dalili shi ne abin da Einstein ya bayyana a 1905, cewa agogon abin da ke gudu kusa da na haske yana tafiya a hankali idan mu da ke tsaye muka auna shi. Ba tatsuniya ba ce, an auna an sake aunawa.

Nauyin nan da gudun nan su suka ba ta ikon ratsa dutse da ƙasa. Amma ba duka ke wucewa ba. Inda ƙasa ta cika ta danƙare, kaɗan ke fita. Inda akwai kogo ko rami, da yawa ke fita. Ka ajiye na'urar ƙirga a gindin abu, ka ƙirga miyon da ke zuwa ta kowace fuska, sai ka samu hoton cikinsa, tamkar hoton ƙirji a asibiti. Da haka masu bincike daga Japan da Faransa da Masar suka sanar a 2017 cewa sun gano wani babban kogo mai tsawon aƙalla mita 30 a cikin dalar Khufu da ke Giza, ba tare da sun fasa dutse ko ɗaya ba. A Japan sun leƙa cikin dutsen Asama mai aman wuta. A Italiya kuma, wajen birnin Firenze, an gwada dabarar a kan ganuwar ƙasa ta bakin kogi, don a nemo ramukan da dabbobi irin su beguwa ke haƙawa a ciki.

Nan zancen ya dawo gida. Madatsar Maga ta ƙasa ce. Abin da ke kayar da irinta sau da yawa ba a ganinsa da ido: ramin gafiya, gidan gara, ko wata 'yar hanya da ruwa ke ci a hankali daga ciki, waje kuwa lafiya lau. An yi gyara bayan 2012 a ƙarƙashin shirin PULCI da Bankin Duniya ya ba da kuɗinsa, amma gyara ba ya hana ƙasa tsufa, kuma ambaliyar 2024 da ta karya gada a Yagwa ta nuna ruwan yankin nan bai yi sanyi ba.

Kada dai a ɗauka maganin a hannu yake. Yawancin miyon daga sama suke sauka, na gefe kaɗan ne, madatsa kuwa ba dala ba ce, 'yan mitoci ne tsayinta. Na'ura sai ta yi kwanaki ko makonni a wuri ɗaya kafin hoto ya fito. Ba wanda zai bi kilomita 27 da ita. A ganina amfaninta shi ne a wuraren da ake zargi, tare da sauran hanyoyin awon ƙasa da injiniyoyi suka saba.

Abin da ya fi damuna a matsayin malami shi ne wa zai riƙe na'urar. Maroko ta shiga gwajin ATLAS na CERN tun 1996, Afirka ta Kudu ita ma tana ciki. Wani masani ɗan Togo, Kétévi Assamagan, yana cikin waɗanda suka kafa makarantar fizik ta Afirka da aka fara a 2010, wadda ke zagaya ƙasashe duk bayan shekara biyu. A Kamaru muna da cibiyar lissafi ta AIMS a Limbe tun 2013, ga jami'o'in Ngaundere da Marwa, ga ta Garwa da aka kafa a 2022. Ƙofofi akwai. Sai dai hanyarsu ta sashen C take bi, mu kuwa sau nawa uba ke cire yaro mai kan lissafi daga lise ya zaunar da shi a shago, ko a ce wa yarinya fizik ba na mata ba ne?

Tun 2014 CERN take shirya gasa ta 'yan sakandare na duniya: ƙungiyar ɗalibai ta rubuta gwajin da take son yi, waɗanda suka ci a kai su su yi shi da hannunsu. Yaran Afirka ta Kudu sun ci a 2015, na Masar a 2022. Akwai kuma wata 'yar na'urar ƙirga miyon mai suna CosmicWatch da aka ƙirƙira a jami'ar MIT ta Amurka, girmanta bai wuce a riƙe a hannu ba, an saki zanenta kyauta a intanet, kayan haɗa ta kimanin dala 100, wato wajen jaka 60 na sefa. Kuɗin da ƙungiyar iyayen ɗalibai ta lise ɗaya za ta iya haɗawa ne, kuma ƙaramin batir irin na cajin waya ya isa ya kunna ta, ko a ranar da babu wuta.